Nasiha Ga Yayyen Gida Game Da Ƙannensu Masu Jiran Gurbin Jami'a A Lokacin Sallah

Ya ku 'ya'yana, samari da 'yan mata, musamman ku da Allah ya riga ya buɗe muku ƙofar jami'a ko ta wata babbar makaranta kuka shiga, ko kuwa har kun ƙare kun fita hidimar ƙasa, da ku nake son in yi wannan magana. A kusan kowane gida daga cikin gidajenku akwai wani ƙane ko wata ƙanwa, mai shekara 16 ko 17 ko 18, wanda idan Sallah ta ƙarato, jama'ar gida suna ta hidimar ɗinki da kitso da lalle, shi kam hankalinsa ba ya wurin, yana can wajen wata jarrabawa da ke tafe, ko wani sakamako da ya fito bai yi daɗi ba, ko wani gurbin karatu da ake ta jira har yanzu ba a ji ɗuriyarsa ba. Ranar idi rana ce ta farin ciki, wadda shari'a ta hana a yi azumi a cikinta, ta kwaɗaitar da a yalwata wa iyali, a sada zumunci, amma ga wannan yaro takan zamo ranar hisabi, domin duk wanda ya shigo gaisuwa, daga kawu sai gwaggo sai maƙwabci, da zarar an gama barka da Sallah sai ya juyo ya ce, "To, kai nawa ka ci a JAMB?" ko kuwa, "Ke fa, ina kika samu?"

Ba na zargin masu tambayar da mugun nufi. Galibinsu ƙauna ce ta sa su, waɗansu kuma ba su san wata magana da za su yi da yaro mai waɗannan shekaru ba sai ita. Illa dai shi wanda ake tambaya ya zama kamar mai gyambo a ƙafa, wanda kowa ya shigo sai ya sa yatsa ya danna, sa'an nan ya ce ko da sauƙi. Kowannensu sau ɗaya ya taɓa, amma mai ƙafar tun hantsi har bayan isha'i ake fama masa. In kuwa aka yi rashin sa'a akwai ɗan baffa a zauren wanda ya samu gurbin karatun likita, to, ai an samu ma'auni, sai a yi ta gwada wannan da wancan a gaban jama'a, ana dariya, shi ma yana yaƙe don kada a ce ya yi hassada.

Abin da ya sa na zaɓe ku da wannan nasiha, ban fuskanci iyaye da ita ba, shi ne cewa matsayin da kuke a kai babu wanda ke da irinsa a gidan. Uba ya kashe kuɗin rajista da na darasin yamma, wataƙila da ƙyar ya haɗa su, yana kuma jin nauyin idon tsaransa, saboda haka zafin abin ya yi masa kusa ƙwarai har ba ya iya magana a kansa cikin natsuwa. Uwa tana gani a fuskar ɗanta cewa akwai damuwa, amma sau da yawa ba ta san yadda sha'anin yake gudana ba balle ta ba da shawara, ga kuma kunya da tarbiyyarmu ta gina tsakanin ɗa da mahaifi, wadda ke hana yaro ya zauna gaban babansa ya ce, "Baba, ina jin tsoro." Ku kuwa kun bi hanyar nan ba da daɗewa ba, kun san ɗacin jira, kuna da bakin magana a gaban manya, kuma yaron ba ya jin nauyin ya buɗe muku cikinsa. Wanda Allah ya ajiye a irin wannan wuri, haƙƙi ya hau kansa, ko ya nema ko bai nema ba.

Farkon abin da ya wajaba a kanku shi ne ku san haƙiƙanin al'amarin, domin wanda bai san girman abu ba, ba ya iya yin adalci ga wanda abin ya kayar. An kafa hukumar JAMB, mai shirya jarrabawar shiga jami'a, a 1978, a lokacin da jami'o'in ƙasar nan 'yan kaɗan ne, masu neman shiga kuma ba su yi yawan na yau ba. Da yawa daga cikin iyayenku da kakanninku a Arewa sun yi karatu a zamanin da ake lallashin mutane su kai 'ya'yansu makaranta, wanda ya ci jarrabawa kuma gwamnatin jiharsa ta ɗauki nauyinsa. Da wannan tsohon mudu suke awon 'ya'yan yau, alhali kuwa kasuwar ta sāke. A 2025 mutum kusan miliyan 2 ne suka zauna jarrabawar, kuma fiye da miliyan 1.5 daga cikinsu ba su kai maki 200 cikin 400 ba, watau sama da kashi uku cikin huɗu. Tambaya 180 ce ake amsawa cikin awa 2, a darasi huɗu da Ingilishi ya zama tilas a cikinsu, kuma tun 2015 a kan kwamfuta ake yin ta baki ɗaya, har ga yaron ƙauye wanda bai taɓa zama gaban na'urar ba sai a makon jarrabawa. To, yaya za a ce duk wanda ya faɗa cikin wannan taro mai yawa daƙiƙi ne ko malalaci?

A wannan shekara ta 2025 ɗin ma Allah ya nuna wa mai hankali aya. Bayan sakamako ya fito, koke ya yi yawa, sai aka bincika aka tarar cewa an samu tangarɗar na'ura a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas, wadda ta shafi ɗalibai 379,997; shugaban hukumar na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida ranar 14 ga Mayu ya amsa laifin yana hawaye, aka kuma sāke musu jarrabawa. Na yaba masa wannan gaskiya da ya faɗa, domin ba kowane shugaba ke iya ta ba. Amma ku tuna kwanakin da suka shige tsakanin fitowar sakamako da wannan bayani, ku tuna yaran da aka yi wa faɗa a gidajensu, aka kira su da sunaye, a kan makin da ba nasu ba ne. A cikin waɗannan kwanaki ne jaridu suka kawo labarin wata budurwa a jihar Legas da ta halaka kanta bayan ta ga sakamakonta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Lambar da na'ura ta fitar tana iya zama daidai, tana iya zama kuskure, kuma ko da daidai ce, abin da ta auna shi ne aikin awa 2 a wata safiya guda.

Sa'an nan ku fahimtar da mutanen gida cewa maki kaɗai ba shi ke ba da gurbi ba. Mafi ƙarancin makin da aka amince da shi don shiga jami'a a 2025 shi ne 150, amma wannan bakin ƙofa ne kawai, kowace jami'a tana da nata, kowane sashe kuma yana da nasa, har ya zama karatun likita da lauya da haɗa magunguna da jinya suna neman abin da ya ɗara wannan nesa ba kusa ba. Bayan haka akwai tantancewar da jami'ar ke yi da kanta, akwai sharaɗin kiredit biyar a WAEC ko NECO ko makamantansu, har da Ingilishi, da lissafi a yawancin fannoni, a zaman da bai wuce biyu ba, sa'an nan a jami'o'in tarayya ana raba gurabe ne kashi 45 cikin 100 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya wajen ilimin boko. Saboda haka ne za ku ga mai maki 250 yana zaune a gida domin ya nemi likitanci, mai 190 kuwa ya tafi makaranta domin ya nemi wani fannin da ba a cunkushe ba. Wanda ya jera waɗannan yara biyu a zaure ya ce wannan ya fi wancan, ya yanke hukunci ba da ilimi ba, kuma ya zalunci dukansu.

Da yake watanninmu na Musulunci suna ja da baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, Sallah takan riski yaran a hali daban-daban. A 2025 ƙaramar Sallah ta zo a ƙarshen Maris, saura 'yan makonni a fara jarrabawa ranar 24 ga Afrilu, babbar Sallah kuma ta zo ranar 6 ga Yuni, kimanin wata guda bayan sakamako. Hutun ƙarshen shekara kuwa, lokacin da maƙwabtanmu Kirista ke bikin Kirsimeti, yakan tarar da waɗansu suna jiran jerin sunaye na biyu ko na uku. Wanda Sallah ta riska kafin jarrabawa, kada a hana shi zuwa idi da kallon hawa da ziyarar dangi wai don ya yi karatu, domin zuciyar da aka matsa ba ta riƙe abu. A dai keɓe masa sa'o'insa na safe, a rage masa aike.

A nan dole in tsaya a kan 'ya'ya mata, domin nasu nauyin ya ninka. Yarinyar da ke shirin jarrabawa ita ce dai za ta kwana kan tuwon Sallah, ita ce a kan suyar naman layya kwana biyu ko uku, ita ce mai wanke-wanke bayan baƙi sun watse, ɗan'uwanta namiji kuwa yana ɗaki da littafinsa ko yana yawon Sallah da abokai. In sakamako ya fito bai yi kyau ba, sai a ji wata gwaggo ta ce, "Ai shi ke nan, tunda boko ya ƙi, sai ta fito da miji." Aure sunna ce mai daraja, ba kuwa ni zan hana iyaye su aurar da 'yarsu idan lokaci ya yi kuma ta yarda ba, abin da nake ƙi shi ne a mai da shi horo a kan faɗuwar jarrabawa, har yarinya ta shiga ɗakin jarrabawa tana ganin cewa duk rayuwarta ta rataya a kan wannan safiya. Ke babbar yaya, ki karɓi rabin aikinta a kwanakin nan ba tare da kin yi shela ba. Kai kuma yayanta namiji, maganarka tana da nauyi a wurin Baba, ka yi amfani da ita ka roƙa mata wata shekarar.

Kafin ranar idi, ku sami ƙanen nan shi kaɗai, ba a gaban kowa ba, ku tambaye shi abin da yake so a faɗa wa dangi da abin da yake so a rufe. Makinsa sirrinsa ne, kuma sirri amana ne; rufa asirin Musulmi kuwa kun san matsayinsa a addini, balle na wanda kuka fito ciki ɗaya. Ku shirya tare da shi amsa gajeriya wadda babu ƙarya a cikinta, irin su, "Muna kan jira, Kawu, a taya mu da addu'a." Wannan gaskiya ce, ta kuma wadatar, ta mai da mai tambaya mai addu'a. Idan aka matsa, ku shiga tsakani cikin ladabi ku ce, "Kawu, maganar tana hannuna, in ta kammala ni da kaina zan zo in yi maka bayani," sa'an nan ku ja hira zuwa wani wuri. Ku kuma sami mahaifanku tun da wuri, a lokacin da ransu ke sanye, ku roƙe su da tausasan kalmomi kada a tā da zancen a gaban baƙi. Wanda Allah ya ba nasara a gidan, ya yi godiya, a taya shi murna, domin bayyana ni'ima ba laifi ba ne. Amma ku nuna masa cewa liƙa hoton sakamako a zauren WhatsApp na dangi a daren Sallah, alhali ya san ɗan gwaggonsa bai samu ba, ba ya cikin kyakkyawan zumunci.

In yaron ya buɗe baki ya fara faɗin abin da ke ransa, to, ku yi shiru ku saurara har ya ƙare. Ya tabbata a hadisi cewa Anas ɗan Malik yana da wani ƙaramin ƙane da ake wa alkunya da Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, tsuntsun ya mutu, yaron ya yi baƙin ciki. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya lura da halin da yaron ke ciki, bai raina damuwarsa ba, ya tsaya ya tambaye shi labarin tsuntsunsa cikin raha da tausayi. Idan shugaban halitta, da duk nauyin al'umma a kansa, ya ga baƙin cikin yaro a kan tsuntsu ya isa a tsaya masa, ina ga baƙin cikin saurayi ko budurwa a kan abin da suka yi shekara shida a sakandare suna buri? Imani da ƙaddara rukuni ne, babu mai jayayya da wannan, amma na sha ganin ana jefa wa yaro "haka Allah ya ƙaddara" tun bai rufe baki ba, ba don a sanyaya masa ba, sai don a huta da sauraronsa. Annabi Yakubu ya yi kukan rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, bai kuwa fita daga sahun masu haƙuri ba. Ku bar yaron ya yi kukansa, ku tabbatar masa da bakinku cewa matsayinsa a gidan bai ragu ba. Bayan nan maganar ƙaddara za ta sami wurin zama a zuciyarsa.

Akwai kuma iyaka inda riƙon sirri ke ƙarewa. Idan kuka ga ya daina cin abinci, barci ya ƙaurace masa ko kuwa ya wuni kwance, ya ƙulle kansa a ɗaki kwana da kwanaki, ya bar abokansa da sallar jam'i, ko ya fara bin masu shan maganin tari da ƙwayoyi, balle a ji ya ce gara ya mutu ya huta, ko ya ce shi nauyi ne a kan iyayensa, to, kada ku ɗauke ta maganar yara. Ku tambaye shi kai tsaye abin da yake nufi, kada ku bar shi shi kaɗai, ku kawar da maganin ɓera da na ƙwari daga inda hannunsa zai kai, ku sanar da iyaye a ranar, ku kai shi ga likita. Akwai asibitocin tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano su ma suna da wannan sashe. Zuwa can ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba ne. A yi addu'a, a nemi magani, ba ɗayan da ke kore ɗaya.

Bayan an watse daga Sallah sai a koma ga riƙon sababi, domin kun san labarin mutumin da aka umurta ya ɗaure raƙuminsa tukuna sa'an nan ya yi tawakkali. Tun 2017 duk wani gurbi na halal ta tsarin CAPS na hukumar JAMB yake bi, kuma yara da yawa sun rasa gurbi ba don makinsu ya gaza ba, sai don ba a ɗora sakamakonsu na WAEC ko NECO a shafin hukumar ba, ko kuwa an ba su gurbin ba su shiga sun karɓa ba har wa'adi ya wuce. Ku zauna da shi ku duba shafin tare, ku raka shi cibiyar da hukuma ta amince da ita in akwai abin gyara, ku hana shi barin lambobin sirrinsa a hannun mai shagon intanet. In makinsa bai kai na fannin da ya nema ba, akwai damar sauya fanni ko sauya makaranta, sai a yi shawara da istihara a yi shi da wuri. Ku yi nesa da masu cewa a kawo kuɗi za su ƙara maki ko su sayar da gurbi: rashawa ce, haramun ce, galibinsu 'yan damfara ne, kuma gurbin da bai bi ta CAPS ba yakan zame wa mai shi ƙaya ranar da ya zo tafiya hidimar ƙasa.

In kuwa bana ta ƙi gaba ɗaya, ƙofofin ba ɗaya ba ne. Akwai shirin IJMB wanda Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, wanda ya ci shi yana iya shiga aji biyu na jami'a kai tsaye. Akwai makarantun share fage irin ta Funtuwa da kwalejin CAS ta Kano. Akwai difloma a kwalejin kimiyya da fasaha, da NCE a kwalejin ilimi, waɗanda su ma ana wucewa jami'a da su. Wanda kiredit ya gaza masa yana iya zama jarrabawar masu zaman kansu ta ƙarshen shekara ya cike. Wanda kuɗin makaranta ke tsorata shi, tun 2024 akwai asusun NELFUND mai ba ɗaliban makarantun gwamnati rance ba ruwa. Ku kuma taimaka a warware wannan ƙulli da ya kama gidajenmu, na cewa in ba likita ko lauya ko injiniya ba, to, ba karatu ba ne. Malamanmu sun sanya duk sana'ar da al'umma ba ta tsayuwa sai da ita cikin farilla ta kifaya, kuma ƙasar da ke ƙarancin malamin lissafi da ungozoma da malamin gona da mai gwajin jini ba ta da hujjar raina mai karanta ɗayansu. Jinkirin shekara guda kuma ba asara ba ne in an cika ta da hadda, ko koyon sana'a, ko sabawa da kwamfutar da ta ba shi tsoro. Malaman tarihi sun ambaci Alƙaffal na garin Marwa, wanda ya kai kimanin shekara 30 da haihuwa yana sana'ar ƙera kwaɗuna kafin ya fuskanci fiƙihu, daga baya ya zama jagoran malaman Shafi'iyya na Khurasan.

Idan kun tattara waɗannan, ku tafi tare da yaron wurin mahaifinku, ku zauna a ƙasa yadda aka saba, ku ce, "Baba, ga inda muke, ga abin da ya hana, ga kuma hanyoyin da suka rage da abin da kowace za ta ci." Uban da aka zo masa da bayani a tsare ba ya yin faɗan da yake yi idan an bar shi cikin duhu, kuma yaron zai ji cewa ba shi kaɗai yake tsaye ba. In shawara ta tsaya a kan sāke jarrabawa, ku tuna cewa sakamakonta na shekara ɗaya ne kawai, rajista kuma takan buɗe a farkon shekara, wajen Janairu ko Fabrairu, ba a kuwa yin ta sai da lambar zama ɗan ƙasa ta NIN. Saboda haka ku duba tun yanzu ko sunansa da ranar haihuwarsa a katin sun dace da na takardar sakandarensa, in akwai saɓani a fara neman gyara kafin cunkoson masu rajista ya taso.